Dutsen da Tayyab Ya Tokare Taya da Shi

Yammacin Talata ne, rana ta riga ta faɗa bayan gonakin rake, hayaƙin ganyen da manoma suka ƙona yana kwance a kan garin Tavua ya ƙi tashi. Tayyab Baksh ya dawo daga kan dutse, ya wanke ƙaramar bas ɗinsa, ya tsuguna yana alwala a famfon tsakar gida. Matarsa Sairun tana murza roti, irin gurasarsu, a madafi, mahaifiyarsa tsohuwa Hamidan kuma tana baranda da carbinta, inda take zama kullum idan magariba ta kawo jiki. Ladan bai kai ga rufe baki ba sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya dire a gaban Tayyab.

Dutse ne, bai fi dunƙulen hannu ba. Tayyab ya ɗauka ya ji shi da sanyi, jiƙe da raɓa, gefensa ɗaya duk gansakuka. A Tavua kuwa wata biyu ke nan ba a ga ɗigon ruwa ba. Ya san inda ake samun irin wannan dutse, don da safiyar nan ma ya taka 'yan uwansa. Ya cusa shi cikin aljihu ya ce wa Sairun 'ya'yan maƙwabta ne marasa kunya.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Haka aka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, har aka kira isha'i, sannan gidan ya yi tsit.

Aikin Tayyab shi ne kwasar 'yan yawon buɗe ido daga otal-otal na bakin teku, ya hau da su garin Nadarivatu da ke kan dutse da safe, ya sauko da su kafin duhu. Yakan nuna musu tsofaffin gidajen hutun Turawan mulki, da inda ake tsayawa a hangi teku, da matan da ke saƙa tabarma a gefen hanya. Amma abin da ya sa ake neman motarsa ba waɗannan ba ne. Bayan Nadarivatu akwai wani ƙauye, a bayan ƙauyen kuma akwai harsashin wani tsohon gida, tudu ne da aka kewaye da baƙaƙen duwatsu. Dokar mutanen dutse ita ce baƙo ba ya shiga ƙasarsu sai ya cire hula, ya kawo damin saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha, ya zauna a tabarma ya miƙa wa dattawa, su karɓa su ce an buɗe masa hanya. Wannan kan ci sa'a guda, Turawa kuwa kullum idonsu na kan agogo. Sai Tayyab ya gano wata hanyar masu yankan katako da ke zagayawa ta baya. Shekara shida yana bi ta can, da hularsa a kai.

A kan tudun nan ne bakinsa ke buɗewa. Mutumin da a gida sai an yi da gaske yake haɗa magana biyu, a can sai ka rantse a gidan rediyo ya yi aiki. Yakan ce musu nan ne madafin masu cin naman mutane, ga inda ake girka tukunya, ga dutsen da ake fasa kai. Turawa su riƙa ɗora kawunansu a kai suna dariya, shi kuma ya ɗaga kulki ana ɗaukar hoto.

Ba rashin sani ba ne. Yana da shekara tara mahaifinsa ya kawo shi wurin, ta ƙofa, da saiwa a hannu, ya gaya masa gidan da ya tsaya a kan tudun nan shi ne ya ɓoye Baksh, kakan Tayyab, lokacin da ya gudo daga gandun rake da bayansa duk shatin bulala. Tayyab ya sani sarai. Ya dai lura cewa labarin baƙon da aka rufa wa asiri ba ya sa Bature ya fito da kyamara.

Ranar Asabar da ta wuce, birkin hannun motar ya yi sanyi a kan gangaren. Ya duba bai ga abin tokare taya ba, sai ya sa ƙafa ya ɓamɓaro dutse guda daga jikin harsashin. Da za su tafi ya jefa shi bayan mota don gaba. 'Yarsa Nazmin, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta gan shi tana share motar, ta ga ya yi kyau, ta kai ta tokare ƙofar madafi da shi.

A magariba ta uku da fara jifan, Sairun ta shiga madafi ta tarar da Nazmin zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman mazan dutse, tafin hannunta a kan dutsen. Ta kira ta ba ta amsa ba. Jikinta ya yi sanyi kamar wadda ta kwana a rafi. Can sai ta fara magana ƙasa-ƙasa da harshen mutanen dutse, wanda ban da gaisuwa ba ta san komai a cikinsa ba. Da aka kira isha'i ta sulale ta kwanta, ta farka ba ta tuna komai, sai kukan ciwon kai.

Tsohuwa Hamidan ta ce a kira Maulbi Sharafat, malamin da ya yi shekara arba'in yana yi wa mutanen Tavua tofi. Tayyab ya ce karatun jarrabawa ne ya yi wa yarinya yawa, ya kai ta asibiti aka ba ta ƙwayoyi. Washegari ya ce Maulbi ya yi tafiya, alhali sun haɗu a masallaci har sun gaisa. Ba ƙarfin aljanin da ya hau ta ne ya fi ba shi tsoro ba, bakinsa ne. Tayyab yana jin harshen dutse, kuma a cikin gunagunin yarinyar ya tsinci sunan kakansa sau biyu. Kwana biyar yana kallon 'yarsa tana ramewa, ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci, shi kuma yana ta lissafin yadda zai yi uwarsa ba ta ji ba. Duk wanda ya san Tayyab ya san yana son yarinyar nan kamar ransa, kuma wannan ne ya sa ko fuskarsa ba ya iya dubawa a madubin mota.

A rana ta shida tsohuwar ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi, ta dogara sanda, ta je ta taho da Maulbi da kanta.

Maulbi Sharafat ɗan siririn tsoho ne mai ƙaramar murya. Ya zauna a tabarma a madafi, ya sa aka kunna turaren luban, ya ajiye kofin ruwa a gabansa. Maƙwabta sun taru a bakin taga, kowa ya yi kamar wucewa ya zo yi. Magariba na yi dutse ya faɗo a kwano, Nazmin ta miƙe zaune ta ɗora hannu a kan nata dutsen. Maulbi ya yi ta karatu, ba ya ɗaga murya, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata, har numfashinta ya sauya ya yi nauyi.

"Bawan Allah, wane ne kai?" in ji Maulbi da harshen dutse.

Muryar da ta fito ta tsohon namiji ce, mai kauri, ba ta da fushi. Ta ce shi mazaunin harsashin gidan nan ne tun ba a kawo rake ƙasar ba, ba shi ya zo ba, ɗauko shi aka yi a bayan mota tare da tayar sauyi. Maulbi ya ce to yarinya ba ta yi masa laifi ba, ya ji tsoron Wanda ya halicce su duka ya sake ta. Muryar ta ce ya san ba ta yi ba, amma a gidan nan bakinta ne kaɗai bai saba da ƙarya ba, shi ya sa ya ara.

Sai muryar ta sauya. Daga bakin Nazmin muryar Tayyab ce ta fito, da Turancinsa na kan dutse, da 'yar dariyar da yake yi a tsakiya.

"Ku matso, iyayengiji, kada ku ji tsoro, yau sun ƙoshi. Nan ake girka tukunya. Uwargida, ɗora kanki a nan, mu ga ko za ki yi daɗi a miya."

Wani a bakin taga ya fara dariya ya haɗiye. Tsohuwa Hamidan ba ta jin Turanci sosai, ta juya ta tambayi Sairun me aka ce. Sairun ta sunkuyar da kai. Maulbi ne ya fassara mata, kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Tsohuwar ba ta dubi ɗanta ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Muryar tsohon ta dawo. "Tukunya ɗaya aka taɓa girkawa daban a gidan nan. Ta kakanka ce. Damina biyu yana kwance a ɗaki, suka ware masa tukunya don kada naman alade ya taɓa abincinsa. Ka san wannan, ko ba ka sani ba?"

"Na sani," in ji Tayyab. Da ƙyar aka ji shi.

Maulbi ya tambayi aljanin abin da yake so. Ya ce ba ya son zakara, ba ya son akuya. A mayar da dutsen inda aka ciro shi, a shiga ta ƙofa da saiwa a hannu, kuma wanda ya faɗi ƙaryar ya tsaya a gaban mutanen ƙauye da baƙinsa ya faɗi gaskiyar. Har sai an yi haka zai ci gaba da zama a jikin yarinya. Maulbi ya ce wannan ba adalci ba ne, ya fita yanzu, alkawari kuma a cika ranar Asabar. Muryar ta ce alkawarin mutumin da ya yi shekara shida yana shiga ta baya ba abin riƙewa ba ne.

"To riƙe nawa," in ji tsohuwa Hamidan. "Ni zan kai shi."

Nazmin ta juyo da kanta a hankali ta dube ta. Muryar ta ce ya gane ta, ita ce amaryar da ta zo da mijinta gaisuwa da jan mayafi, ta yi ta amai a hanya saboda kwane-kwane. Ya ce ya yarda, zai koma cikin dutsen ya jira. Maulbi ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, hannunta ya zame daga kan dutsen, ta buɗe ido ta ce, "Abba, me ya sa kake zaune a ƙasa?" Daga ranar ba a ƙara jin jifa a kwano ba.

Ranar Asabar ya ɗauki Turawa bakwai, da uwarsa a kujerar gaba, dutsen naɗe da farin ƙyalle a cinyarta. A bakin ƙauye ya tsayar da mota, ya cire hula, ya sa baƙinsa suka cire nasu. Ya zauna a tabarma a gaban dattijon ƙauyen, wani tsoho mai suna Sailosi, ya miƙa damin saiwa da hannu biyu. Daga nan aka ɗunguma zuwa harsashin. Ya durƙusa ya mayar da dutsen a raminsa, ya faɗi komai, da harshen dutse sannan da Turanci: abin da ya riƙa cewa, da abin da ya faru da gaske. Wata Baturiya ta ɗaga kyamara, sai kuma ta sauke.

Ya jira a yi masa faɗa. Har addu'a yake yi a yi masa.

Sailosi ya nuna wani shinge da sandarsa, taku ashirin daga tudun. "Gonar rogona ce a bayan can," in ji shi. "Duk Asabar ina ciki. Har na haddace wurin da kake dariya."

"Momo," in ji Tayyab, kamar yadda ake kiran kawu a can, "me ya hana ka tsayar da ni?"

"Samari sun so su tare hanyar da gungume. Na ce su bari. Jikan Baksh ne, ɗan gida ne, ba a tare ɗan gida. Ranar da ya ga dama zai shigo ta ƙofa."

Aka koma ƙauye aka shimfiɗa abinci a tabarma, gwaza da rogo da ganye da nama, Turawa suka zauna suna ci da hannu suna yabawa. Tayyab ya koma can ƙarshen tabarma kusa da uwarsa. Sai matar Sailosi ta fito daga ɗaki da wata ƙaramar tukunya mai murfi, ta wuce kowa, ta ajiye a gabansu.

"Kaza ce, limamin masu yankan katako ne ya yanka," in ji ta. "Ku ci da kwanciyar hankali. Wannan tukunyar ba ta taɓa ganin alade ba."

Tsohuwa Hamidan ta buɗe murfin, ta zuba masa, ta tura kwanon gabansa. Tayyab ya kai lomar farko bakinsa, ya daɗe yana taunawa, ta ƙi wucewa.