Ranar da Naina Bai Yi Kira Ba

Da magariba abin ya fara, Sulaiha tana sauke miyar kifi da tsamiya, mijinta Naina yana alwala a bakin rijiya. Dutse ya faɗo kan rufin kwano, suka ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar shinkafa. Da aka tsamo shi sai ga shi baƙi ƙirin, yana warin teku, 'yan katantanwa manne a jikinsa. Duk tsibirin Pamban babu inda ake samun irinsa sai gindin ginshiƙan tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Naina ya juya shi a hannu.

Ina zai kasa gane shi? A gadar nan ubansa ya tsufa, shi ma a nan ya yi furfura. Tun zamanin Turawa aka dasa ginshiƙanta cikin teku, ta haɗa tsibirinmu da babban yanki, jirgin ƙasa yana rarrafe a kanta, igiyar ruwa tana marin tagoginsa. Gishiri yana cin ƙarfenta, su Naina suna kankare tsatsa suna shafa fenti, kafin su kai ƙarshe farkon ya sake ci. A tsakiyarta akwai fikafikan ƙarfe biyu masu nauyi a ƙeya, da suke mirginawa baya a kan haƙora su buɗe wa manyan jiragen ruwa hanya. Babu inji. Majiya ƙarfi ne ke juya mariƙi da hannu, suna haki, kuma Naina ne shugabansu. Shekarar da guguwa ta kwashe rabin gadar ma, fikafikan nan ba su motsa ba.

Masu juyin suna da al'adar da babu ita a takardar kowa. In jirgin ruwa na ƙarshe ya wuce, ba a sauke fikafikan nan take. Shugaba zai leƙa ruwa ya tambaya da ƙarfi ko akwai saura, a ɗan dakata, sannan a juya. Mutanen ɓoye ba sa bi ta ƙarƙashin ƙarfe, kowace tsohuwa a nan ta san wannan, don haka su ma buɗewar suke jira su ƙetare.

To, aka fara gina sabuwar gada mai ɗagawa da maɓalli. Aka ce tsohuwar ta gaji, za a rufe ta. Ranar buɗewar ƙarshe wani babba ya zo daga ofis, ya yafa wa Naina mayafin karramawa, aka ɗauki hoto, ko sunansa bai faɗa daidai ba. Ladan gumin uba da ɗa ke nan. Zuciya ta ɗebi Naina, jirgi na wucewa ya ce a sauke. Wani tsoho cikin masu juyi ya tuna masa kiran, Naina ya ce wanda ya sallame shi ya zo ya yi. Ban ga laifin fushinsa ba, wallahi, sai dai a kan wanda bai ci ba bai sha ba ya sauke shi.

Jifa ta yi kwanaki, kullum da faɗuwar rana. Daga nan aka fara jin mace tana kiran wani suna a bayan katanga, sunan da ba na mutane ba. Sannan abin ya faɗa kan Sabura, 'yarsu tilo, budurwa mai surutu da tsokana, wadda ko shayi za ta miƙa wa ubanta sai ta ja masa gemu tana cewa Wappa, kamar yadda 'ya'yanmu ke kiran uba. Ta daina ci. Ta daina taɓa cokali da allura da duk wani abin ƙarfe. Gashinta kullum jiƙe, ba ta kuwa je kusa da ruwa ba. Ta rame har awarwaro yana zame mata, likita ya ce bai ga komai ba.

Ɗan'uwan Sulaiha ya ɗauko Malam Kadar Mira daga garin Erwadi, wani siririn dattijo marar yawan magana. Ya sa turaren lubban a wuta, ya zauna gaban yarinyar yana karatu a hankali har hasken tsakar gida ya dushe. Sai ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a shaƙe.

"Daina ƙona ni, Malam. Ba da kai nake ba."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da take nema a jikin 'yar mutane. Ta ce ita mai ƙetarawa ce, kamar iyayenta. Ranar buɗewar ƙarshe ɗanta ƙarami ya riga ta wucewa, ita tana baya tana jiran kira, sai ƙarfe ya sauko tsakaninsu. Tun ranar tana jin kukansa ta can, kwanan nan kuma ta daina ji.

"Ya buɗe mini, in sakar masa 'yarsa."

Naina ya durƙusa yana rantsuwa cewa ba ya hannunsa. An kulle mariƙin, masu juyi sun watse neman abinci, tsatsa ta riga ta cinye haƙoran. Ta ce to su zauna tare, kowa da rashinsa. Sai Malam ya ce naman ɗan Adam yana bi ta ƙarƙashin ƙarfe. In aka ƙetare da ita a jikin yarinyar, za ta fita? Ta yi alkawari da sunan Allah.

Washegari da yamma suka shiga kwalekwalen katako, Naina da kansa ke tuƙi. Da suka shiga inuwar gadar, Sabura ta ƙanƙame Malam, tsatsa tana zubo musu a ka. Suna fita ɗaya gefen ta miƙe tsaye, ta ƙwala sunan nan. Ta sake. Ta yi ta kira har muryar ta tsage, teku bai amsa da komai ba sai ƙarar ruwa a jikin ginshiƙai. Daga baya ta zauna, ta dubi Naina.

"Zan fita, na yi alkawari. Amma abin da ke ƙirjina ya yi mini nauyi, ba zan iya tafiya da shi ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu, sai dai ta riga shi. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale.

Sabura ta warke, haka kowa ke cewa. Ta ci, ta yi ƙiba, ta koma ɗinkinta, jifa ta tsaya. Amma in ubanta ya shigo, sai ta tashi ta fita. Ya daure wata da watanni, ran nan ya tare ta a bakin ƙofa, ya tambaye ta me ya yi mata, hawaye yana bin gemunsa.

"Wappa, na san ban taɓa haihuwa ba," ta ce. "Na san kai ka cece ni. Amma in na dube ka, wanda ya kashe mini ɗa nake gani."

Ya matsa gefe, ta wuce.