Goron da Fauzia Ta Wanke

A unguwar Tremont ta Bronx kowa yana da abin faɗa a kan Tamimu. 'Yan'uwansa direbobin tasi na filin jirgin JFK sun ce sau nawa layinsa na wucewa yana kujerar baya rungume da jita. Tsofaffin masallaci sun ce yana da ladabi, kiɗan ne dai. Wani dattijon makaɗin blues da ya taɓa ɗauka daga filin jirgi kuwa cewa ya yi yatsun yaron nan kuka suke yi.

Abu ɗaya duk suka yarda da shi: Tamimu bai taɓa buɗe baki ya ba mutum haƙuri ba. In ya ɓata maka, kiɗa zai turo maka ta waya.

Fauzia tana da irin wannan saƙon goma sha bakwai. Ba ta goge ko ɗaya ba.

"Makaɗi miji ne?" in ji Anti Safiatu, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta riƙe ta tun zuwanta daga Kumasi. Shekara uku tana faɗa, Fauzia tana shiru.

Shi ya sa ta yi mamaki ran Lahadi da Anti ta tara mata cike da falo bayan la'asar, don a kalli babban wasan blues da aka ɗauka ran Juma'a a Manhattan, wanda dattijon nan ya sa sunan Tamimu a ciki.

"Fauzia, wanke min goron nan, ki jera a tire. Na baƙi ne."

Ta wanke ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi ita kaɗai.

Manyan makaɗa suka yi ta fitowa. Wani tsoho daga zaune ya kaɗa, jitar kwance a cinyarsa, yana jan ƙaramar kwalba a kan tsirkiya. Wata mata ta sa tata ta yi ƙara har Hajiya Zeinabou, maƙwabciyarsu, ta toshe kunne.

"Wannan kiɗa ne ko faɗa?"

Sai ga Tamimu, cikin rigar da Fauzia ta goge masa.

Bai yi sauri ba. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya bar ta ta yi rawa har ta mutu, sannan ya taɓa ta biyu...

Fauzia ta gane sautin.

Waƙar Mma ce! Wadda mahaifiyarta ke rera mata in tana mata kitso. Sau ɗaya tak Fauzia ta rera wa Tamimu, ya kuma rantse ba mai ji daga gare shi.

Tsohon nan ya cire hula. Sauran makaɗan suka bi shi a hankali, zauren ya miƙe da tafi. Hawayen Fauzia suka zubo, ta ce a ranta ta yafe, ai don ita ya yi.

Tamimu ya matso da baki kusa da makirfo, ya yi magana da Turanci. Ya ce shi ya tsara waƙar, saboda wadda zai aura.

"Suweiba."

Kyamara ta juya zuwa layin gaba. Suweiba, 'yar Anti Safiatu, haifaffiyar Bronx. Fauzia ce da kanta ta roƙe ta ta riƙa amsa wa Tamimu wasiƙun masu shirya wasan, saboda Turancinta ya fi kyau.

Wata ta rangaɗa guɗa.

"Fauzia, miƙo tiren mana," in ji Anti, ko kallonta ba ta yi ba. "Jiya danginsa suka kawo, an sa rana."

"Anti... ke kika ce makaɗi ba miji ba ne."

"Na ce miki, kin ji? Wancan na bayan tasi ne. Raba wa mutane, kada ki ba ni kunya."

Ta raba. Har Hajiya Zeinabou, wadda ta karɓa kanta a ƙasa.

Washegari da Fauzia ta tashi daga aikin jinyar tsohuwar da take kula da ita a Parkchester, ta sami Tamimu a dandalin jirgin ƙasa, jita a kafaɗa. Ya fara kaɗawa.

Ta ɗora tafin hannunta a kan tsirkiyoyin. Suka yi tsit.

"Masoyiyata, tsaya ki ji. Suweiba ta san mutanen nan, ita ta buɗe min..."

"Ban tambaye ka Suweiba ba. Ka san ranar da Mma ta rera min waƙar nan ta ƙarshe?"

Ta amsa da kanta.

"A gadon asibiti. Da ƙyar muryar ke fita. Na faɗa maka, Tamimu! Kana ta neman sautin a jitarka, ba ka ji ba."

Ta ciro waya, ta goge saƙonnin a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta wanke goron.

Jirgi ya tsaya. Ta shiga, ta juya masa baya.

Ya kalli jitar, babu abin da za ta iya yi masa. Ƙofa ta fara rufewa kafin muryarsa ta fito, har mutane na waiwaye.

"Fauzia, na zalunce ki, na zalunci Mma. Don Allah ki yafe min!"