Murfi na Shida

Kafin kowa a Sharaɗa ya gane, ni Ya'u mai gadin makaranta na riga na gani. Ban taɓa zama a aji ba, amma idona bai taɓa yi min ƙarya ba.

Ranar wata Litinin Ɗayyabu ya shigo get ɗina yana warin jima, don daga kamfanin fata na Chalawa aka kirawo shi. Idonsa jawur saboda gajiya. An ce ya zo a kan ƙanwarsa Aina'u, 'yar shekara takwas.

Bara ne tirela ta bugi adaidaitar da ke ɗauke da yarinyar da mahaifiyarsu. Uwar ta rasu, uba kuwa dama ya daɗe da rasuwa. Aina'u ta tashi, amma kanta ya bugu. A faɗa mata abu yanzu ta manta, jiniyar kamfani ta yi ƙara ta toshe kunne tana ihu. Shi ke mata wanka, shi ke dafa mata.

Ya ɗauka korar ta za a yi. Sai ga sabuwar malamar aji biyu, Badi'a, ta fito riƙe da hannunta.

"Kai ne yayanta? Ba taurin kai ba ne da ita. Ƙarfe sha ɗaya na yi kanta ya gaji. Na dawo da ita gaba, nesa da taga, ina barin ta ta kwanta minti goma a tabarma."

Ta miƙa masa zare da murfin kwalba guda biyar, kowanne da launinsa.

"Wanka, yunifom, karin kumallo, magani, jaka. In ta gama ɗaya ta ja murfinsa. Kada ka haɗa mata magana biyu."

Ya karɓa, ya tafi, har ya manta hularsa a kan bencina. Nan na ce a raina, an gama.

Suka fara da maganar Aina'u a waya, sai maganar ta yi reshe. Badi'a da bakinta ta karanta min saƙonnin daga baya.

"Malamata, yau ta ja biyar ɗin ba kuka. Ni ne ma na manta ban karya ba."

"To kai ma zan haɗa maka naka zaren, Yayan Aina'u. Ka ci abinci, don Allah."

Da ya aika manyansa, Hajiya Uwani, mahaifiyar Badi'a, ta ce sam. An gaya mata akwai taɓin hankali a danginsu, gado ne. Ga kuma Alhassan, sito-kifa a Bompai, mai mota, yana ta zarya. A ƙarshe ta yi sharaɗi: in Ɗayyabu yana so, ya mai da yarinyar ƙauyensu a Jigawa.

Ɗayyabu ya zauna a bencina da yamma, ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Baba, na gaji. Wallahi na gaji. Amma a ƙauye wa zai san sai ta kwanta sha ɗaya? Ɗaure ta za su yi."

Kwana uku Aina'u ba ta zo makaranta ba. Badi'a ta ɗauka ya kai ta ƙauye, ta rubuta masa:

"Idan don ni ka rabu da ita, to ni ma ka rabu da ni."

Amsa ta zo:

"Ciwon kanta ne ya tashi, muna gida. Ba inda zan kai ta. Ki bi maganar Hajiya, Malamata. Alhassan ba shi da kaya a ka."

Ta karanta a bakin get, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Baba, ka ji min mutum. Wa ya ce masa kaya ce?"

Washegari mahaifin Badi'a, Malam Ado, ya zo bincike da kansa. Wa zai tambaya in ba ni ba? Na cire hulata na sunkuyar masa da kai.

"Malam, ku taɓa nan."

Ya taɓa ramin da ke tsakar kaina, ya janye hannu.

"Ƙarfe ne ya faɗo min a Bompai ina saurayi. Mu uku ne, ni kaɗai na tashi. Shekara biyu ina manta sunan matata. 'Ya'yana tara, ku je ku duba ko akwai mai rami a ka. Tirela ba a gadon ta, Malam."

Na mai da hulata. Na ja shi tagar aji biyu. Aina'u ta tashi daga tabarma kenan, Badi'a ta ce, "Ɗauko allonki." Ta jira har ta ɗauko. Sannan ta ce, "Rubuta sunanki." Yarinya ta daɗe, amma ta rubuta. Malam Ado ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Hajiya ni zan yi mata magana."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure. Alhassan ya zo, ya ci shinkafa, ya tafi. Hajiya Uwani ta sha kunu har la'asar, daga baya aka gan ta tana gyara wa Aina'u ɗankwali. Da makaɗa suka matso, ita ce ta daka musu tsawa su rage, akwai yarinya mai ciwon kai.

Har yanzu Ɗayyabu a gajiye yake dawowa, har yanzu akwai ranar da Aina'u ke jifa da littafi. Amma tana aji uku, kuma zarenta ya zama shida. Ita ta tsinto na shidan, kore, ta ce na gaida Anti Badi'a ne da safe. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ƙara wa yarinyar sauƙi.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo get ɗin gobe kafin takwas. Zare na wuyan jakarta, ya ƙirga. In bai ishe shi ba, ga kaina, ya sa yatsa.