Yarinyar da Aka Ƙirga Sau Uku

A shekarar 2006, jami'ar da aka buɗe a tsohon siton auduga kan hanyar Dabai ta cimma abin da ya gagari manyan ƙasashen duniya: cikin ɗaliban da ta ɗauka, rabi maza ne, rabi mata, ba ƙari ba ragi. Haka shugabanta ya faɗa a rediyo, kuma ba wanda ya musa, domin ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba da kyau.

Sai wani kwamiti a Abuja, mai lura da ko ana ba mata gurbin karatu daidai da maza, ya turo Ezekiel ya ƙirga da idonsa. Ɗan Kanya ne, saurayi mai digiri da takalmi mai tsini, wanda ya yarda da lissafi fiye da yadda ya yarda da fasto.

Mika, jami'in ɗaukar ɗalibai, ya kai shi aji na farko. Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu, jemagu na rataye a rufi. Maza a dama suna tari suna soshe-soshe kamar mutane. Mata a hagu suna zaune tsit, hannu a cinya, ba biro ba takarda. A bakin taga wata mai jan ɗankwali da ɗan tabo a gira ta ɗago ta dube shi. Lissafi ya ɓace masa, ya sake daga farko.

Daga nan Mika ya bi da shi ta doguwar hanya, ya nuna masa rijiya, ya nuna masa janareta da bai taɓa tashi ba. Da suka shiga aji na biyu, yarinyar tana bakin taga. Ɗankwalin kore ne, tabon yana nan. A aji na uku ɗankwalin ruwan ɗorawa ne, kuma wannan karon ta yi masa murmushi. Ya tuna abin da kakarsa take faɗa game da masu zama a ɗakunan da mutane suka bari.

"'Yan uku ne?" ya tambaya.

"Su wa, ranka ya daɗe?" in ji Mika. "Ni ɗalibai kawai nake gani."

Washegari ya ganta a kasuwar Zuru, tana sayar da katin waya a shagon Nwankwo. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Malam, me ka yar?"

"Inuwarki nake nema."

"Ka ganta?"

"Na gani. Na gode wa Allah."

Ta yi dariya har Nwankwo ya leƙo. Sunanta Magdalene. Ta ci jarrabawar shiga jami'a, aka ce gurbi ya ƙare. Duk ranar da masu dubawa za su zo, Mika kan kwaso 'yan mata daga gari, kowacce da ɗankwali uku, su shiga ta ƙofar baya, su zauna, su yi shiru.

"A layin da nake zama Saloma ce kaɗai ɗaliba ta gaske," ta ce. "Ƙawata ce, ita ke riƙe mana jaka in muna canjawa. Ni kuma Mika ya yi alkawari bana zai ba ni gurbi nawa na kaina. Shi ya sa nake zama."

"Alkawarin kyauta ne?"

"Yana zuwa gidanmu gaida Baba."

A lokacin sai an hau tudu ake samun sabis. Ezekiel ya hau, ya rubuta mata: "Ukuna, na ƙirga ki sau uku, har yanzu ba ki ishe ni ba."

Ta amsa: "Malam Ƙidaya, kuɗin kati na ƙarewa. In da gaske kake, ka san hanyar Dabai, can gidanmu yake."

Mahaifinta, Baba Yari, tsohon soja ne. Ya karɓi gaisuwar Ezekiel ba tare da ya daina wasa fartanya ba.

"Mika yana da gurbi a hannu. Kai me kake da shi?"

"Digiri, Baba."

"Digirin yana huɗa?"

Ya kafa sharaɗin golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita. "Ni na yi wa uwarta shekaru. Kai ɗan boko ne, damina guda ta isa ta kashe ka."

Ezekiel ya nemi ƙarin lokaci daga Abuja, ya ce bincike ya yi zurfi. Kowace Asabar yana gonar dawa, tafinsa duk kanta. Magdalene kan kawo masa kunu ta tsaya a kan kunya.

"Sannu, Malam Ƙidaya. Kunya nawa ka yi?"

"Ukuna, na daina ƙirga komai sai ke."

Duk da haka bai daina komawa siton ba. Ranakun da ba a san zai zo ba, gefen mata fayau yake, sai Saloma da wasu tsiraru, kujerun kuwa a jere, a goge, suna fuskantar allo kamar akwai masu zama.

Mika ya ga gona na tafiya, sai ya raɗa wa Magdalene cewa saurayinta zai rubuta gaskiya, za a rufe wurin, a kira ta mai damfara. Ta daina kawo kunu. Saƙo ɗaya ta aiko: "Rahotonka zai sa a yaba maka a Abuja. Ni zan tsufa a shagon Nwankwo. Ka zaɓa."

Ezekiel ya zaɓa. Ya sami Mika a ofis, suka yi magana irin ta masu ilimi, wadda ba a kiran komai da sunansa. Ashe Mika ya fi son kujerarsa a kan yarinyar.

"Gurbi guda ba wuya," ya ce. "Guraben matan ne dai ƙayyadaddu, amma za a duba."

Ezekiel bai tambayi inda za a duba ba. A jami'a ya koyi cewa ba kowace tambaya ake yi ba. Ya rubuta rabi da rabi, ya sa hannu. Kafin a girbe dawa Magdalene ta zama ɗaliba, da biro da takarda. A makon ne aka gaya wa Saloma an gano matsala a takardunta, ba a dai faɗi wace ba.

An ɗaura aure a coci bayan kaka. Baba Yari ya buɗe tafin ango a gaban jama'a ya nuna kantar, ya ce, "Wannan hannu ya biya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu karatu, maza da mata daidai." Aka ce amin. Mika ma ya ce amin, da ƙarfi.

Ana cikin rawa, Saloma, babbar ƙawa, ta matso kusa da amarya.

"Magda, zan wuce da wuri. Gobe wasu masu dubawa za su zo, Mika ya ce in na zauna, baɗi zai duba mini gurbi. Ɗankwalayen nan naki uku, kina da sauran amfani da su?"

"Haba Saloma, ɗauka mana, suna cikin akwati," in ji amarya, ango na jan hannunta zuwa fili.

Saloma ta ninke koren da ruwan ɗorawan ta sa a jaka. Jan ta ɗaura a kanta, ta gwada shi a madubi, ta fita ta ƙofar baya.