Abin da Ya Zuba a Man Kaɗe

Ranar Asabar ce. An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi.

A wani gidan haya a unguwar Television akwai wani yaro. Yana aji huɗu. Mamarsa tana shayar da ƙanwarsa, jaririya mai suna Joy.

Tun da aka haifi Joy, baƙin tabo ya fito wa Mama a kumatu. Ran nan yaron ya ga ta daɗe a gaban madubi.

"Kai, fuskar nan ta zama gindin tukunya," in ji ta. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Abin ya dame shi.

Maƙwabciyarsu, Anti Nkechi, tana da wata 'yar kwalba. Ya taɓa jin ta ce, "Man nan akwai asid a ciki. Shi ya goge mini ƙuraje." Ranar ta manta kwalbar a kan taga.

Yaron ya ɗauka. Ya ɗiɗɗiga a gwangwanin man kaɗen Mama, ya juya da tsinke. Bai gaya wa kowa ba. So yake Mama ta ga tabon ya tafi, ta yi murna.

Abu ɗaya ya manta. Man kaɗen nan ba na fuska kaɗai ba ne. Mama tana shafa shi a kan nono idan ya tsage.

Da rana, bayan Mama ta shafa man, Joy ta kama nono, ta saki, ta tsala kuka. Gefen bakinta ya yi ja. Mama ma tana jin raɗaɗi.

"Me ya sami 'yar nan?" in ji Baba.

Yaron ya tashi. Ya kawo kwalbar.

"Ni na zuba a man kaɗe, Baba. Don tabon Mama."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sa takalminka. Riƙo kwalbar."

Su duka suka shiga keke mai ƙafa uku zuwa asibitin unguwa. Nas Eunice ta karanta jikin kwalbar. Ta wanke bakin Joy, ta duba ta sosai. Ta sa Mama ta wanke wurin da ta shafa.

"An ci sa'a, fatar ce kawai ta yi ja," in ji ta. "Wani irin man, mai shayarwa tana iya shafa kaɗan a fuska, idan likita ya yarda. Amma ba a kan nono ba, ba a jikin jariri ba." Ta dubi yaron. "Likita, yaushe ka gama makaranta?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo.

Da yamma Joy ta kama nono, ta sha har ta yi barci. Mama ta jawo yaron jikinta.

"Tabon nan, da na haife ka ma na yi shi," in ji ta. "Ban taɓa jin haushinka ba."

Baba ya ce, "Niyyarka mai kyau ce. Amma magani ba a ba da shi a ɓoye. Abin da ba ka sani ba, tambayi manya."

Washegari da safe yaron ya mayar wa Anti Nkechi kwalbarta, ya ba ta haƙuri. Ya dawo ya wanke hannunsa da sabulu. Sannan ya zauna a tabarma, ya ce, "Mama, kawo Joy in riƙe miki."