Shugaban da Yake Shan Ruwa a Ƙarshe

Can a zamanin da, an yi wasu mutane mazauna bakin tafki. A al'adarsu, shugaba ba ya kai ruwa baki sai ya tambaya, "Kowa ya sha?"

Ran nan sojojin wasu baƙi suka zo suka ce kowa ya tashi, za a kai su wata ƙasa mai nisa. Shugaban ya ce, "Mu bar wa wa kaburburan iyayenmu?" Ya ja mutanensa suka shige cikin duwatsu, aka yi ta gwabzawa. Sojoji suka tsare hanyar tafki.

Ruwa ya ƙare, saura gora ɗaya. Ƙanen shugaban ya ce, "Yaya, sha mana, leɓenka duk ya tsage."

"Kowa ya sha?"

"Saura ni."

Shugaban ya miƙa masa. Ƙanen ya shanye tas, ƙafarsa ta yi ƙarfi, ya gangara ya nuna wa sojoji kogon da suka ɓuya a ciki.

Aka ɗaure shugaban, aka loda mutanensa a amalanke. Wani soja ya ɗebo ruwan tafkin ya miƙa masa.

Shugaban ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya sha?"

Ba wanda ya amsa, an yi nisa da su. Ya kau da kai, bai sha ba.