Mai Raɓa Ba Ta Son Taki

Ruwan sama Ummuhani ta zo nema a lambun Lurwanu, ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina. An gaya mata duk garin Cadawa shi ne ke tara ruwan saman da ke zubowa daga kwano a tano, wato duro, saboda ƙananan itatuwan da yake raino, su gawo da zogale da magarya. Ta yi sallama rungume da wata 'yar tukunya kamar mai ɗauke da jariri.

Lurwanu ya leƙa. Wani ɗan tsiro ne da bai kai tafin hannu ba, ganyensa ja-ja, kowane ganye da gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa yana ƙyalli, alhali rana ta ɗaga.

"Wagga wace irin ciyawa ce da raɓa ba ta bushe mata?"

"Ba raɓa ba ce, danƙo ne," in ji Ummuhani. "Ƙwaro ya sauka sai ya maƙale, ganyen ya naɗe shi, ta cinye."

Ya ja baya kaɗan. "To Allah ya sa ba ta cin manoma."

Dariyar da ta yi ita ta gama da shi. Ya cika mata jarka, ya kuma tsaya jin bayanin da bai nema ba. Ɗaliba ce a jami'a, shekarar ƙarshe, tana karatun tsirrai. Ta bi malamanta zuwa tsaunukan Mambila a Najeriya, inda hazo ke kwana a kan ciyawa, can ta samo tsiron a wani dausayi. Akwai jinsi biyu masu kama da juna tun suna ƙanana, aikinta shi ne ta tabbatar wanne ne wannan. Iri ne zai raba gardama: na ɗaya dogo ne siriri, na ɗayan kuma mai siffar ƙwai. Ruwan rijiya kashe tsiron yake, shi ya sa ta zo.

Lurwanu ya raɗa wa tsiron suna Mai Raɓa. Kafin gero ya yi kai sunan ya koma kan mai tsiron, ita kuma tana ce masa Sarkin Noma. Jarka ɗaya takan yi mako biyu, amma sai ga shi tana ƙarewa duk kwana uku, babu kuma wanda ya binciki dalili.

Da magabatan Lurwanu suka je gaisuwa, mahaifinta Malam Ilyasu, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, ya karɓe su da mutunci, ya sallame su babu amsa. Ummuhani ya kira daga baya.

"Ummu, ba ni da abin hwaɗi kan halin yaron ga. Amma ni na san yadda karatun ɗiya mace ke mutuwa. Ba mugunta ke kashe shi ba, rashin sanin darajatai ne. Ki gama bana, sannan mu gani."

Ya kuma ambaci Ridwanu, abokin karatunta ɗan garin Agiye, wanda ke zuwa gidan da littattafai da dogon Faransanci. Ummuhani ta amince ta jira. Tana son mahaifinta, kuma ta san tsoronsa ba na banza ba ne.

Ana haka yayarta ta haihu a Gidan Rumji, haihuwa mai wuya, dole Ummuhani ta je ta zauna da ita. Gidansu akwai awaki marasa kunya, don haka ta kai tukunyar lambu. Tsiron ya riga ya fito da wani siririn kara.

"Inuwa da ruwan sama, shi ke nan," ta ce.

"Ki tahi hankali kwance."

Kwana tara bayan haka saƙo ya shigo wayarta da hoto: "Mai Raɓa, 'yarki ta yi fure, ruwan hoda. Da hantsi take buɗewa, kafin azahar ta rufe. Kunya gare ta kamar uwarta."

Ta amsa: "Sarkin Noma, ka faranta min rai. Saura iri. In ya nuna, na gama, Baba kuma ba shi da sauran magana."

Wannan saƙon ne ya jawo abin da ya faru. Lurwanu ya yi ta duban tukunyar, yashi ne fari fat da gansakuka, babu abin da shuka za ta ci. Tun yana yaro ya san shukar da za ta yi 'ya'ya tana son ƙarfi. A ganinsa yunwa ce ma ta sa baiwar Allah cin ƙudaje. Ya daure makonni biyu, sannan tausayi ya ci ƙarfinsa. Ya zaɓi takin awaki mafi laushi, ya murje shi, ya barbaɗa mata da bisimilla.

Bai san tsiron da ya saba da ƙasar da ba ta da komai taki ƙone masa saiwa yake ba. Cikin mako guda ɗigon ya ƙafe, ganyen ya yi baƙi. Ya yanke busasshen karan, ya kaɗa shi a takarda yana fatan ganin ƙwaya ko da kamar ta gero. Wata baƙar ƙura ce kawai ta zubo.

Ya rubuta: "Ummuhani, Mai Raɓa ta mutu. Ni na kashe ta, taki na sa mata. Iri bai yi ba. Ba ni da hujja."

Ta ajiye wayar. Ta yi kuka a ɗakin mai jego, rabi don shekarar da ta salwanta, rabi don maganar mahaifinta ta tabbata a kan mutumin da take so. Da ta dawo, Ridwanu ya zo ya ce zai raka ta tsaunukan Mambila baɗi. Ta yi masa godiya, zuciyarta kuwa ba ta motsa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Lurwanu ya yi sallama a zauren Malam Ilyasu, ya durƙusa.

"Malam, na zo in hwaɗi laihina da bakina. Kun yi gaskiya, rashin sani ya sa na ɓata mata aiki. Ga abin da ya rage."

Ya ajiye wata 'yar takarda a ninke. Malam ya buɗe, ya ɗaga gira.

"Ƙura ce wannan. Mi ya sa ka aje ta?"

"Mu ba mu zubar da kan shuka, Malam, ko ta mutu. Hannuna ne ya ƙi."

Ummuhani tana bayan ƙofa, kamar yadda kowa ya sani. Ta shigo ba a kira ta ba, ta ɗora ɗan gilashinta na duba ƙananan abubuwa a kan takardar. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, idonta ya cika.

"Baba, iri ne. Haka yake, kamar ƙura. Ya nuna kafin ta mutu. Ku duba, dogaye ne sirara."

Malam Ilyasu ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juya ga Lurwanu, wanda har yanzu bai gane ko an yafe masa ba.

"Na koyar shekara talatin," in ji Malam. "Wanda bai sani ba ana koya mashi. Wanda ke adana abin da bai gane ba don na wani ne, wannan ban san yadda ake koyar da shi ba. Ka turo manyanka."

Ta gama karatunta a shekarar. Aka ɗaura aure bayan girbi, Malam da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kowa ya riƙe amanar ɗan'uwansa. Jama'a suka shafa.

Da damina ta zagayo suka barbaɗa sauran ƙurar a kan farin yashi, a inuwar magarya. Wata safiya Lurwanu ya kira ta. Wasu 'yan jajayen ganye sun leƙo, kowanne da ɗigonsa. Ya tsuguna a gefe, hannuwansa biyu a baya.

"Mi kake ɓoyewa, Sarkin Noma?"

"Ba komi. Riƙe su nake, kada tausayi ya sake kama ni."

Ta zauna kusa da shi, ta janyo hannun nasa ɗaya ta riƙe masa.